Giram Nawa Ya Sha?

A garinmu idan mace ta haihu ba a fara tambayar wa yaron ya ɗauko. Giram nawa ya sha, shi ake fara tambaya. Ƙarfe uku na rana za ka tarar da mazaje sun yi cirko-cirko a ƙarƙashin tagogin ɗakin masu jego, tunda ba a barin namiji ya hau sama, kowa ya ɗaga kai kamar kaza mai shan ruwa yana ƙwala wa matarsa kira. Ita kuma ta rubuta lamba a takarda ta manna a gilashi. Wanda ya ga talatin ya ja abokai ya saya musu kofi. Wanda ya ga biyar ya sunkuyar da kai ya nufi kantin magani sayen madarar gwangwani, uwarsa na biye da shi tana faɗin ita dama tun ranar biki ta lura yarinyar ba ta da ƙirji.

Lambar nan daga hannun Ramiza take fitowa. Shekara arba'in saura wata ɗaya tana aikin nas a wannan ɗaki, har kowa ya koma ce mata Teta, kamar ita ce goggon garin duka. Gajeriya ce kakkaura, hannayenta jajaye saboda yawan wanki, muryarta kuwa daga hawa na biyu ana jin ta a bakin gada. 'Yar mai haƙar gawayi ce daga wani ƙauye can kan dutse. Tana da shekara goma sha biyar ubanta ya sako ta a bas da jaka ɗaya da ƙullin cuku, ta zo makarantar nas, kuma tun daga ranar da ta gama ba ta taɓa aiki a wani wuri ba. Rabin mazajen da ke ihu a ƙarƙashin tagar ita ta fara yi musu wanka. Babu abin da ta tsana a duniya kamar lambar da take ba su.

Sikeli ne irin na da, farin kwano dogo da wani ƙarfe da ake turawa a kan layi. Ya girmi yawancin likitocin asibitin. Duk bayan awa uku a ɗora jariri a kai, a rubuta, a miƙa wa uwar ta shayar da shi minti ashirin, a karɓe, a sake ɗorawa, a ɗebe na farko daga na biyu. Abin da ya rage wai shi ne abin da ya sha. A jikin bango akwai wata takarda da ta yi ja don tsufa, ta ce rana ta biyu giram ashirin, ta uku talatin. In bai kai ba sai a cike gurbin da madarar gwangwani.

To ai dakashin kwanakin farko cokalin shayi ne ɗaya ko biyu, kuma cikin jaririn ma iyakar abin da zai ɗauka ke nan. Shi kuwa sikelin, yaro ya motsa ƙafa kawai sai ya yi tsallen giram ashirin. Wani lokacin ma a auna a ga yaro ya ragu bayan ya sha, Allah na tuba, kamar shi ya shayar da uwar. Sai a ɗura masa fida ya cika tumbi ya yi ta sharar barci. A kawo shi bayan awa uku ya ƙi kama nono, sikeli ya ce sifili, a ƙara masa madara. Kafin kwana huɗu nono ya kumbura ya yi tauri ko ya koma, uwa ta fita da hawaye da gwangwani a jaka, ta yarda har cikin ranta ita ce Allah bai ba ruwan nono ba.

Ramiza ma ta yarda da hakan a kanta. Da ta haifi ɗanta na fari a kan sikelin nan aka ɗora shi, ƙawarta Nevenka ce ta auna, ta ce, "Biyar, Ramiza. Yi haƙuri." Ta yi kuka ta share hawaye ta sayi gwangwani. Ta koma aiki ta ci gaba da faɗa wa wasu matan abin da aka faɗa mata, da zuciya ɗaya kuwa.

Yaƙi ne ya buɗe mata ido. Da aka fara ruwan wuta a kan garin sai aka kwashe masu jego aka kai su ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda ake ajiye gawayi. Sikeli yana can sama, babu mai hawa ya ɗauko shi. Ba madara, ba sukari, ba wutar lantarki, sanyi kuwa kamar ya tsaga ƙashi. Babu inda za a kwantar da jariri sai cikin rigar uwarsa. Yaro ya yi kuka a ba shi nono, ya sake yi a sake ba shi, don babu abin da za a ba shi in ba shi ba. Sai ga mata ramammu, waɗanda wake da shinkafa kaɗai suke ci, nono yana zubo musu har yana jiƙa riga. A can Ramiza ta haifi 'yarta, ita da aka ce ba ta da nono, ta shayar da ita shekara biyu cur.

Da aka yi sulhu aka koma sama, abin da aka fara gogewa aka ɗora a kan tebur shi ne sikelin. Motocin agaji suka zo da gwangwanaye kwali-kwali. Ramiza ta buɗe baki ta yi magana, aka ce yanzu zaman lafiya ake, a yi aiki irin na wayayyu. Ta sake yi, aka ce ita ba likita ba ce. Shekara talatin tana wannan magana, har ta zama abin tsokana. Da ta ɗaga hannu a taro sai ka ji wani ya ce, "To fa, a nemo kyandir, Teta za ta mayar da mu ƙarƙashin ƙasa." A yi dariya. Ita kuma ta cika ta yi fam, ta sauka ta ci gaba da awo, don aikinta ne.

Saura wata ɗaya ta yi ritaya takarda ta zo daga ma'aikatar lafiya, cewa kowane asibiti ya rubuta sabbin ƙa'idojinsa na taimaka wa masu jego shayarwa, za a turo masu dubawa, wanda ya cika sharuɗɗa a ba shi shaida ya rataye a ƙofa. Aka kafa kwamiti na mutum biyar. Aka sa Ramiza a ciki don an ce dole a sa nas ɗaya daga ɗakin, kuma ita ce ba ta da ƙaramin yaron ɗaukowa daga makaranta.

Likita Zoran, shugaban sashen jarirai, shi ya rubuto daftarin. Shafi shida masu kyau. Jariri ya kwana kusa da uwarsa, a sa shi a ƙirjinta da zarar an haife shi, a cire kalandar masu madara daga bango. Ramiza tana karantawa tana gyaɗa kai, har ta zo layi na tara: a auna jariri kafin shayarwa da bayanta a kwana ukun farko, a cike abin da ya gaza. Ta ajiye takardar.

"Likita, ka wanke gida tas ka bar mushe a tsakar ɗaki."

"Na san za ki faɗa, Teta."

"To tunda ka sani me ya sa ka rubuta?"

Likita Zoran ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Dogo ne mai furfura, mai magana a hankali. Yana sabon likita aka dawo masa da wani jariri ɗan kwana shida ya bushe kamar ganye, uwar tana ta cewa ai yana sha. Bai rayu ba. Tun daga nan mutumin nan ba ya samun natsuwa sai ya ga lamba a rubuce. Ramiza ta sani, tana wurin. Amma ta san dubban da lambar ta raba da nonon uwarsu, su ba wanda ya dawo da su ya ajiye a gabansa.

"Ka auna yaro sau ɗaya kowace safiya tsirara, wannan ban hana ba," in ji ta. "Ka ƙirga nafkin ɗinsa. Ka duba bakinsa. Amma wannan awon na kafin da bayan ƙarya ce muke yi wa mata, ni da kai."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce zaman ƙarshe saura mako uku. Ya ce ta ɗauki ɗaki na huɗu, gado shida, ta fitar da sikelin, ta yi yadda take so. In an kai ranar zama ba matsala, da hannunsa zai soke layi na tara.

Ranar Ramiza ta hau matakala kamar 'yar shekara ashirin. Ta ɗauki sikelin ɗaki na huɗu ta kai shi ɗakin ajiyar barguna ta rufe. Ta nemi a ba ta aikin rana kullum har ƙarshen wata, ta roƙi masu karɓar ta da yamma kada su ba kowa fida a ɗakin sai sun kira ta. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki na huɗu ta yi wa matan bayani: daga yau babu awo, babu agogo, yaro ya nema a ba shi. Ta ɗauka za su yi murna. Ba wadda ta yi.

Wata yarinya a gadon bakin taga ta ɗaga hannu kamar a aji. Almasa sunanta, shekararta ashirin da biyu, haihuwar fari, da asubar ranar ta sauka.

"Teta, to me zan rubuta a takarda?"

"Wace takarda?"

"Ta taga. Sakib zai zo ƙarfe uku."

"Ki ɗaga masa ɗansa ya gani. Takarda ya haifa?"

Ƙarfe uku na bugawa sai ga murya daga ƙasa: "Almasa! Almasaa! Nawa?" Yarinyar ta buɗe taga ta ce ba a auna ba. Sai wata muryar ta taso, ta tsohuwa, mai kaifi. Zineta ce, uwar Sakib, wadda take sayar da barkono da kabeji a kasuwa, bakinta kuwa duk garin an san shi.

"Ba a auna ba? Sikelin ya mutu ne ko su suka mutu?"

Ramiza ta leƙo. "Zineta, jikanki lafiyarsa ƙalau, yana sha."

"Yana sha nawa?"

"Yana sha abin da ya ishe shi."

"Ji min mata! Ni in na sayar miki da barkono na ce ga abin da ya ishe ki, za ki karɓa? Ɗaki na uku an auna musu, ga takardunsu nan. Mu 'yan ƙauye ne shi ya sa? Ko sai mun kawo cakulan da kofi tukuna?"

Nan fa sauran mazajen ɗaki na huɗu suka ɗauka. Wani ya ce gwaji ake yi da 'ya'yansu. Wani ya ce shi ƙanin matarsa yana aiki a ofishin shugaban asibiti. Ramiza ta rufe tagar da ƙarfi har gilashin ya yi ƙara.

Al'adar masu jegonmu ce su ƙulla bandeji ya yi tsawo su zura ta taga, a ɗaura musu jakar abinci su jawo, don miyar asibiti ruwan zafi ce da aka nuna wa karas. Washegari da hantsi Ramiza ta shigo ta tarar da Almasa tana tura wata jaka ƙarƙashin bargo. Ta janye bargon. Burek ne, burodin nan mai nama a ciki, a naɗe cikin tawul, a ƙarƙashinsa kuma ga fida cike da madara, da ɗuminta.

"Kin ba shi?"

"A'a, wallahi ban ba shi ba, Teta." Sai ta fashe da kuka. "Maman Sakib ta ce yunwa zan kashe shi da ita. Ta ce duk danginmu ba mu da nono. Ni ban san ko yana samu ba. Ta yaya zan sani? Ke kin ce yana sha, amma ni ba na ganin komai."

Ramiza ta tsaya da fidar a hannu, haushi kamar ya kashe ta, kuma ta rasa wa za ta ji wa. Wa ya koya wa garin nan cewa ba a sanin yaro ya ƙoshi sai da lamba? Ita ce. Shekara arba'in, sau takwas a rana, ita ta koya musu.

Kafin azahar ƙara ta kai ofishin shugaban asibiti, har guda uku. Nevenka, wadda yanzu ita ce metiron, ta shigo ɗaki na huɗu rungume da sikelin ta dire shi a kan tebur. Matan suka sauke ajiyar zuciya, wata ma har da tafi.

"Umarni ne daga sama," in ji Nevenka ƙasa-ƙasa. "Kada ki kalle ni haka. Kwana biyu kawai kin tayar mana da gari."

"Kwana ɗaya da rabi."

"To kin ga ma."

Lokacin shayarwa ya yi. Ramiza ta ɗora ɗan Almasa a sikeli ta rubuta. Ta zauna a bakin gadon, abin da ba a saba gani ba, ta gyara wa yarinyar zama, ta sa mata matashi a ƙarƙashin hannu, ta juyo da cikin yaron ya manne da nata, ta jira ya wangale baki sannan ta tura shi. Almasa ta runtse ido tana jiran zafi, sai ta buɗe.

"Bai yi zafi ba."

"Yi shiru ki saurara. Kin ji wannan? Haɗiya ce."

Ba ta duba agogo ba, sai da ya saki don kansa. Ta ɗauke shi ta mayar kan sikeli. Ya harba ƙafa, ƙarfen ya yi sama ya yi ƙasa, ya tsaya wajen biyar. Almasa ta kafe ta da ido, ga fidar Zineta can a bakin taga. Ramiza ta san abin da biyar za ta yi. Ta san shi a jikinta.

"Ashirin da biyar," in ji ta.

Kafaɗun yarinyar suka sauka. Ta yi dariya tana hawaye, ta ce a miƙo mata biro. Ramiza ta juya ta rubuta ashirin da biyar a littafin ɗaki, don abin da ke littafin shi ke sa a kawo fida ko a bari. Matar da ta yi shekara talatin tana cewa sikeli maƙaryaci ne, yau ita ta karɓe masa aikin.

Daga ranar haka ta yi wa duk ɗakin. Ta ɗora, ta sauke, ta faɗi lambar da takardar bango take so. Masu aikin yamma kuwa ta ce musu su bar mata awon ɗaki na huɗu, ta riga ta cike, su dai su kai ruwa su gyara matashi. Wa zai ƙi a rage masa aiki? Amma ba wasa take da ran yara ba. Nafkin ɗin kowane jariri sai ta buɗe da hannunta ta ƙirga. Awon safe na tsirara shi ba ta taɓa shi ba, gaskiya take rubutawa. Ta duba harshe, ta duba ido, ta taɓa maɗiga. Akwai wani ɗan yaro da ta ga ya yi laushi ba ya jan nono, ba ta yi wata-wata ba ta sungume shi sai ofishin Likita Zoran, aka ba shi abin da ya kamata. Shi kaɗai ne.

Ƙafafunta suka kumbura don zirga-zirga. Kofinta ya riƙa hucewa a kan tebur ba ta sha ba. A rana ta uku nonon Almasa ya kawo har ya jiƙa zanen gado. Ranar sallama Zineta ta zo bakin ƙofa da kwalin cakulan, tana washe baki.

"Kin gani ko, Ramiza? Da kuka dawo da sikeli ba ga shi ba? Yarinya ashe akwai nono, tsoro ne kawai."

Ramiza ta karɓi cakulan ɗin ta ce an gode. Da ta bi ta ranta da ta buga mata shi a ka.

Ranar zaman ƙarshe ta zo, Talata, saura kwana shida ta ajiye aiki. Aka zauna a ƙaramin ɗakin taro, su biyar, Nevenka da biro tana rubuta abin da aka tattauna. Likita Zoran ya shigo da littafin ɗaki na huɗu a hammata, fuskarsa a sake.

"Kafin mu zo layi na tara," in ji shi, "ina so in yaba wa Teta. Mata goma sha bakwai suka kwanta a ɗakinta cikin kwanakin nan. Goma sha shida sun tafi gida da nono zalla. Ban taɓa ganin haka ba a asibitin nan." Ya buɗe littafin ya juyo da shi. "Kuma ku duba, duk da sikeli. Ashirin, ashirin da biyar, talatin da biyar. Ashe sikelin ba shi da laifi, Teta. Hannu ne. In aka iya awo, aka zauna da uwa, lamba tana fitowa daidai. Don haka layi na tara ya zauna, sai dai mu ƙara cewa a koya wa kowa awo irin naki."

Sauran biyun suka gyaɗa kai. Ɗaya ma ya ce a tafa mata.

Ramiza ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Ta kalli littafin, rubutunta ne, layi-layi, tsaf. Da hannunta ta gina wa sikelin katanga. Ta dafa tebur ta miƙe.

"Likita, lambobin nan ƙarya ne."

"Kamar yaya?"

"Ni na ƙirƙire su. Sikelin biyar yake cewa, sifili yake cewa, wani lokacin ya ce yaro ya ragu. Da na rubuta abin da ya ce, da duk goma sha bakwai ɗin sun sha gwangwani. Na rubuta abin da zai sa a ƙyale su. Aka ƙyale su, nono ya zo. Awon safe gaskiya ne, ka duba, ba wanda ya faɗi fiye da ƙima. Ga shaidar da ka nema. Ka soke layin."

Likita Zoran ya yi fari fat. Ya tashi ya rufe ƙofar da ke a buɗe, ya dawo ya zauna, ya daɗe yana kallon littafin.

"Kin san abin da kika faɗa kuwa? Littafin asibiti ne wannan. Da wani yaro ya..." Bai ƙarasa ba.

"Ba wanda ya yi. Ina kansu."

"Ke kina kansu. In wata ta yi koyi da ke ba ta kansu fa?"

"To ka cire awon, ba wadda za ta buƙaci ƙarya!"

Ya juya wajen Nevenka. Biron yana hannunta a tsaye, ba ta rubuta ko harafi ba tun da Ramiza ta miƙe.

"In wannan magana ta shiga takarda," in ji shi a hankali, "dole ta je ofishin shugaba, daga can ta wuce ma'aikata. Ba ritaya za ki yi ba, Teta, korar ki za a yi, saura kwana shida. Masu dubawa kuma su zo su tarar da littafin ƙarya. A rufe maganar shaida, a rufe duk shafi shidan ma."

"A kore ni. Rubuta, Nevenka."

"Ba zan rubuta ba."

"Na ce ki rubuta! Sunana ne, ba naki ba."

"Shekara arba'in, Ramiza. Ba da birona ba." Ta ajiye shi a kan tebur ta naɗe hannu. "Ni ban ji komai ba. Akwai wanda ya ji wani abu?"

Mutum biyun nan suka sunkuyar da kai, ɗaya yana gyara agogo, ɗaya yana kallon silin. Likita Zoran ya rufe littafin ya ɗora hannu a kai.

"Ba mu ji ba," in ji shi. "Tunda ba mu ji ba, abin da ke gabanmu shi ne abin da ke rubuce. Layi na tara, masu goyon baya?"

Hannu uku suka tashi. Nevenka ta ɗaga nata na huɗu ba ta kalli kowa ba. Ramiza tana tsaye har yanzu. An yi mata dariya a taro, an yi mata tsawa, an ce ita ba likita ba ce, duk ta saba. Amma ba a taɓa toshe mata baki don ana son ta ba, kuma wannan ya fi duk sauran ciwo.

Likitan ya tsaya a bakin ƙofa da zai fita. "Zan sa a sayo sabon sikeli, mai lantarki," in ji shi, kamar mai ba da haƙuri. "Kuma zan sake duba takardar bangon nan. Ba yanzu ba. Bayan masu dubawa sun tafi."

Sau nawa Ramiza ta ji irin wannan alkawarin?

A matakala Nevenka ta cim mata, tana haki, ta riƙo hannun rigarta.

"Ki yi fushi da ni in kin ga dama. Na cece ki. Wata rana za ki gode min."

Ramiza ta juyo. Idonta ya yi ja, amma ba hawaye.

"Kin cece ni, na ji. Litinin ba na nan. Akwai mata shida a ɗakin can, wasu shida na hanya. Wa zai yi musu ƙarya?"

"Haba, Ramiza."

"Tambayar ki nake. Ke za ki yi?"

Nevenka ta saki hannun rigar. Ta kalli takardun da ke ƙirjinta, ta kalli ƙasa.

"Ni ina da sauran shekara biyu," in ji ta.

Ramiza ta gyaɗa kai. Ta juya ta ci gaba da sauka, tana dafa bango saboda ƙafafun.